Kwalba a bakin ƙofa: kewar mai madara a Turai da zolayar da ta biyo shi

In ka zauna da dattijo ɗan Ingila wanda ya haura sittin ka ce ya ba ka labarin yarintarsa, da wuya ya yi nisa bai ambaci mai madara ba. Zai ce maka tun duhun asuba, yana ƙudundune cikin bargo, yake jin 'yar motar lantarki tana shigowa layinsu a hankali kamar mai sanɗa, kwalabe na gogar juna a bayanta. Sai takun mutum zuwa bakin ƙofa. Ya ajiye biyu cike, ya kwashe biyun jiya da uwar gida ta wanke ta jera. Gari na wayewa a aiki yaro ya ɗauko. In hunturu ya tsananta, sai a tarar madarar ta daskare ta kumbura, ta ɗaga murfin sama kamar hula a kan sanda. Daga nan kuma, kusan ba makawa, dattijon zai yi murmushi ya ƙara da cewa shi kaɗai ne mai jan gashi a gidansu, shi ya sa tun yana ƙarami ake kiransa ɗan mai madara.

Kashin farko na labarin ba baƙo ba ne ga Bahaushe, kowa ya san kewar abin da ya wuce. Kashi na biyu ne zai sa shi ɗaure fuska, domin a wurinmu a ce yaro ba na ubansa ba ne magana ce da ke raba zumunci, ta kai mutane gaban alƙali. Su kuwa can abin dariya ne a kan teburin cin abinci, har uwar yaron da kanta kan faɗa. Abin da nake so mu gane shi ne kewar da zolayar daga rijiya ɗaya aka ɗebo su: wani tsarin zama da ya ɗauki kamar shekara ɗari yana aiki, sannan ya rushe cikin shekara talatin.

Tushen komai shi ne madara ba ta jira. Mu nan mun daɗe da samo mata dabara, mukan bar ta ta kwana ta zama kindirmo, a kaɗe mai a ware, a sha nono da fura. Bature kuwa sabuwar madara yake so a shayinsa, yake ba jaririnsa, ita kuma cikin yini guda take juyawa in babu sanyi. Don haka da biranensu suka cika da ma'aikatan masana'antu, dole aka kawo shanun cikin gari. A Landan ana tsare su a rumfuna da ɗakunan ƙasa na bayan layi, wasu ba sa ganin ciyawa har su mutu. Mata ke yawon talla, sanda a kafaɗa, bokiti biyu na reto, suna awo da ludayin ƙarfe a bakin ƙofa. Bokitin a buɗe yake, ƙurar titi da tokar hayaƙi duk su faɗa.

A nan aka haifi zolayar mai madara ta farko, kuma ba ta da alaƙa da matar kowa. Kan algus ce. Mutanen Landan suna cewa saniyar da ta fi kowace yawan nono a garin ita ce mai wutsiyar ƙarfe, suna nufin famfon tuƙa-tuƙa, domin da ruwansa ake ninka madara. Wannan cuta ba ta Turawa kaɗai ba ce. Kowane ɗan makarantar Islamiyya ya san labarin daren da Sayyidina Umar ke zagayen Madina ya ji uwa tana umartar 'yarta ta zuba wa madara ruwa, yarinyar ta ce in Umar ba ya gani Ubangijin Umar yana gani, har ya aurar da ita ga ɗansa Asim, daga zuriyarsu aka sami Umar bin Abdul'aziz. Duk inda ake sayar da madara, maganar farko ita ce amana.

A birnin Niyok na Amurka abin ya wuce ruwa. Ana kiwon shanu a jikin masana'antun giya, ana ciyar da su dusar da ta rage bayan an tace barasa. Madarar takan fito tsululu da shuɗi-shuɗi, sai a zuba mata farar ƙasa da gari da ƙwai don ta yi fari ta yi kauri. A 1858 wata jarida ta Frank Leslie ta tona asirin da hotunan shanu masu gyambo da aka rataye da igiya ana tatsa, jaridar New York Times kuma ta ƙiyasta cewa jarirai kusan 8,000 ne wannan madara ta kashe cikin shekara guda.

Abubuwa uku suka gyara lamarin, kuma su ne suka haifi mai madarar da ake kewa. Na farko jirgin ƙasa. A 1864 George Barham ya kafa kamfanin da ke kawo madara Landan daga ƙauyuka ta layin dogo, da ciwon bushiya ya kashe shanun cikin birni a 1865 sai kasuwa ta koma hannun irinsa. Na biyu kwalba. Wani mai sayar da magani a jihar Niyok, Hervey Thatcher, ya fito da tasa mai rufi a 1884, aka daina tsoma ludayi cikin buɗaɗɗen bokiti. Na uku dabarar Louis Pasteur ta ɗumama abin sha zuwa wani mataki don kashe ƙwayoyin cuta ba tare da an tafasa shi ba, wadda ta rage yaɗuwar tarin fuka da taifot ta hanyar madara. Birnin Shikago ya wajabta ta a 1908, sauran suka biyo a hankali. Kwalbar gilashi da kake iya hango abin da ke ciki, an rufe ta tun daga masana'anta, mutum ɗaya da ka sani kuma shi ke kawo ta kullum: amsa ce ga shekarun da iyaye suka yi suna binne jarirai. Farar riga da hular mai madara ma don haka aka yi su, a nuna tsabta.

Abu ɗaya ya rage ba a samu ba, shi ne firji. Amurkawa sun riga samu, amma a Birtaniya har ƙarshen shekarun 1950 gidajen da ke da shi ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Wanda ba shi da inda zai ajiye, dole ya saya kullum. Ga shi kuma gwamnati ta riƙe harkar da hannu biyu. A 1933 aka kafa hukumar cinikin madara wadda ke saye daga manoma a kan tsayayyen farashi, kuma har tsakiyar shekarun 1980 gwamnati na da baki a farashin da ake sayar wa jama'a. In kanti da bakin ƙofa kusan kuɗi ɗaya ne, wa zai tafi kanti ya yi dakon kwalabe?

Da farko doki ke jan amalanken, kuma tsofaffin masu sana'ar suna ba da labarin dokin da ya haddace layi, ya tsaya da kansa a ƙofar kowane mai ciniki, ya wuce gidan da ba a saye. Sean Connery, kafin duniya ta san shi a fim, wannan aikin ya yi a Edinburgh yana saurayi, da doki da amalanke. Daga baya aka koma motar batir, wadda ba ta wuce mil 15 zuwa 20 a awa, ba ta da ƙara, ba ta damu da tsaye-tsaye ba. A 1967 ƙungiyar masu motocin lantarki ta Birtaniya ta ce motocin batir da ke titunan ƙasar sun fi na sauran duniya gaba ɗaya yawa, kuma kusan dukkansu na madara ne. Yau ana maganar motar lantarki kamar sabon abu, alhali ta yi shekaru tana raba madara kafin a haifi masu tallarta.

Ƙananan abubuwan ne suka fi zama a zukatan mutane. Kwalba ɗaya awon fayint ce, ta ɗan haura rabin lita. Murfinta siririyar takardar alminiyam ce da ake dannawa da babban yatsa, launinta ke gaya maka abin da ke ciki: mai ruwan azurfa madara ce cikakkiya, mai ruwan zinariya ta shanun Jersey da Guernsey ce, mai yawan maiƙo. Maiƙon kan taso ya taru a wuyan kwalba, yara su yi ta rigimar wanda zai fara zubawa. Ba yara kaɗai ba. A 1921, a Swaythling kusa da Southampton, aka fara lura da wani ɗan tsuntsu mai shuɗin kai yana huda murfi yana shan maiƙon. Kafin 1949, lokacin da masana biyu, James Fisher da Robert Hinde, suka rubuta bincike a kai, dabarar ta bazu a garuruwa da dama, har ta zama misalin da ake bayarwa kan yadda dabbobi ke koyo daga junansu. Matan gida sukan ajiye kofi ko dutse don mai madara ya kifa a kan kwalbar.

Sai wasiƙu. Tunda ba a cika haɗuwa da asuba ba, ana naɗe 'yar takarda a cusa a bakin kwalbar da aka wanke: yau uku, gobe kada a kawo, a ƙara ƙwai shida. Rubutun gaggawa da barci a ido yakan fito a karkace, daga nan aka sami wani rukunin barkwancin mai tsabta. Wadda aka fi maimaitawa ita ce ta matar da ta rubuta, na haihu jiya, don Allah ka ajiye mini wani guda. Ranar Juma'a da yamma ko Asabar yakan dawo da littafinsa da jakar fata ya karɓi kuɗin mako. A nan ne ake gaisawa, a nan ne wadda mijinta ya rasa aiki za ta ce a ɗaga mata zuwa mako mai zuwa, ya rubuta ya wuce.

Wannan ziyarar karɓar kuɗi ita ce ƙofar da zolayar ta biyu ta shigo. A tsarin zaman wancan lokaci miji ya fita masana'anta ko ofis tun safe, yara suna makaranta, matar tana gida ita kaɗai. Ba kishiya, ba suruka a ɗaki na kusa, ba zauren da tsoho ke zaune yana ganin mai shiga da fita. Gidan mutum biyu ne da 'ya'yansu, ƙofarsa a kan titi. Namiji ɗaya tilo da al'ada ta yarda ya ƙwanƙwasa wannan ƙofa a kai a kai ba a tambaye shi dalili ba shi ne mai kawo kaya. Zolayar tsoron mijin da ba ya gida ce aka sa mata rigar dariya. Shaidar hakan ita ce kowace ƙasa da nata mutumin: Faransawa ɗan mai kawo wasiƙa suke cewa, a Sifaniya mai kawo tukunyar gas ne, a Amurka kafin firji mai kawo ƙanƙara ya sha nasa rabon. Sana'ar ke canzawa, zargin yana nan yadda yake. Masu wasan barkwanci suka ɗauka suka yi ta juyawa a dandamali da talabijin. Benny Hill, wanda shi kansa ya taɓa rabon madara a Eastleigh, ya yi waƙar ban dariya kan mai madara da ke neman wata bazawara a layinsa, ta zo ta ɗaya a jerin waƙoƙin da aka fi saye a Birtaniya a Kirsimetin 1971.

To gaskiya ce? Duba aikin kansa tukuna. Mutum ya tashi ƙarfe biyu ko uku na dare, ya loda akwatunan kwalabe da hannunsa, ya zagaya ɗaruruwan ƙofofi cikin ruwa da ƙanƙara, yawancinsu a lokacin da maigida ke kwance a ɗakinsa. Sannan duba ilimin gado. Jan gashi yana cikin siffofin da ke ɓuya: uwa da uba duk masu baƙin gashi za su iya ɗauke da ƙwayarsa ba su sani ba, sai ta haɗu a jikin ɗa ɗaya cikin 'ya'yansu. Mu da muka san yadda masu AS biyu lafiyayyu ke haifar mai sikila, ko yadda baƙaƙe biyu ke haifar zabiya, ba ma buƙatar dogon bayani. An daɗe ana yaɗa cewa ɗa ɗaya cikin goma ba na uban da ke riƙonsa ba ne. Masu bincike irin su Maarten Larmuseau na jami'ar Leuven a Beljiyam sun gwada ƙwayoyin gado na maza da tsofaffin rajistocin iyalai na ɗaruruwan shekaru, suka tarar abin bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ba a al'ummomin da suka duba. Babban adadin da ake yaɗawa galibi daga dakunan gwaji yake fitowa, inda masu zuwa da ma waɗanda ke da shakka ne.

Tun kafin a san ƙwayar gado an ba da wannan amsa. Buhari da Muslim sun ruwaito mutumin da ya zo wa Annabi (SAW) yana cewa matarsa ta haifi yaro baƙi. Ya tambaye shi ko yana da raƙuma, ya ce e. Wane launi? Jajaye. Akwai mai ruwan toka a cikinsu? Akwai. Daga ina ya samo? Mutumin ya ce wataƙila wata jijiya ce ta kakanni ta fizgo shi. Ya ce to ɗanka ma wataƙila jijiya ce ta fizgo shi. Bai ba shi damar kore yaron ba.

Na san mafi yawan masu wannan zolaya ba su nufin komai, da ƙauna ma ake yi wa yaron. Duk da haka ba na ganinta a matsayin wasa marar lahani. Mai madara a cikinta gwarzo ne, mijin abin tausayi ne, wadda aka zubar wa mutunci ita ce matar da ta tashi da asuba ta wanke kwalabe. Yaron da ya bambanta da 'yan uwansa kuma yana jin ana maimaita masa cewa shi bare ne, yana dariya tare da mutane don ba shi da zaɓi. Yanzu da gwajin ƙwayar gado ya yi araha a can, ana aika yawu ta gidan waya a sami sakamako, iyalai ƙalilan da abin ya tabbata a kansu sun gano ba abin dariya ba ne ko kaɗan.

Ya sa ni tunanin gidanmu. Mu ma muna da mai kawo nono har gida, amma mace ce. Ina tuna wata Bafulatana da ke zuwa da hantsi, ƙwarya a ka an rufe da faifai, ƙananan ƙore da ludayi a sama. Ba ta tsayawa a zaure, kai tsaye take shigewa tsakar gida da sallama. Mahaifiyata ta ce, "Sannu da hanya, ƙawata, ya ruga?" Ta sauke, ta zauna a tabarma, ta sha ruwa, ta buɗe faifan a leƙa. Wani lokaci kuɗi, wani lokaci a auna mata gero ko dusa, wani lokaci ta ce, "Bari sai jibi, Hajiya." Ta san wadda ta haihu, ta san wanda ba shi da lafiya. Tsarinmu ya mayar da cinikin tsakanin mace da mace, shi ya sa irin waccan zolaya ba ta sami wurin tsiro a kan nono ba. Amma abin da Turawan ke kewa na gane shi sarai, don ni ma ban san ranar da ta daina zuwa ba, kawai dai na farga wata rana madarar gari ce a shayinmu.

Rushewar a can ta zo daga ɓangarori da yawa lokaci guda. Firji ya shiga kowane gida, mota ta samu, manyan kantuna suka buɗe, mata suka fita aiki, aka fito da kwali da jarkar roba marasa nauyi da ba sai an mayar ba. A Amurka, ta ƙididdigar ma'aikatar noma, kusan kashi 30 cikin ɗari na madara ake kaiwa gida a 1963, zuwa 1975 ya faɗo ƙasa da 7, a 2005 bai kai rabin kashi ɗaya ba. Birtaniya ta fi daɗewa: a wajen 1980 kusan kashi 90 cikin ɗari na madarar gidaje a bakin ƙofa ake ajiye ta. Da aka saki farashi, aka kuma rushe hukumar madara a 1994, kantuna suka mayar da madara abin jan ciniki, suna sayar da ita da arha don ka shigo ka sayi sauran kaya. Sana'ar rabo kuwa lissafinta a kan yawan ƙofofi yake. In gida arba'in a layi suna saye, akwai riba. In saura shida, tafiyar ɗaya ce, kuɗin ya ragu, dole a ƙara farashi, biyu cikin shidan su janye. Kafin tsakiyar shekarun 2010 abin ya koma wajen kashi 3 cikin ɗari. Manoma ma ba su tsira ba. A 2015, da farashin da ake biyansu ya gaza kuɗin da suke kashewa, wasu suka kora shanu biyu har cikin wani babban kanti a Stafford don jama'a su gani. Tsuntsayen nan ma sun bar huda murfi, kwalaben sun yi ƙaranci, madarar zamani kuma an gauraya ta da inji yadda maiƙo ba ya tasowa.

Kewa takan yi wa jiya kwalliya, wannan ma ba ta tsira ba. Akwai sanannen hoton 1940 na mai madara ɗauke da kwalabe yana taka baraguzan Landan bayan ruwan bama-baman Jamus. Baraguzan na gaske ne, amma mutumin mataimakin Fred Morley ne, mai ɗaukar hoton, aka ara masa farar riga don hoton ya wuce hannun masu tace labarai. Haka masu tuna motar asuba ba su cika tuna wanda ke tuƙa ta ba ƙofa ba ɗumi, kwana bakwai a mako, da karnuka da masu cin bashi. Ba su kuma cika tambayar ko matan da ke zaune gida su kaɗai suna son zaman ba.

Abin da aka rasa na gaske ɗaya ne, kuma yana da nauyi. Tsohuwar da ke zaune ita kaɗai, in ta faɗi a banɗaki, kwalbar jiya da ba a ɗauka ba ita ce ke yin ihu a madadinta. Mai madara ya zo ya tarar da ta jiya tana nan, ya ƙwanƙwasa, ya leƙa ta taga, ya kira maƙwabta ko 'yan sanda. Rayuka da dama ta haka aka cece su. Ba wanda ya ɗauke shi aikin gadi, cinikin ne ya zo da shi, kamar yadda waccan Bafulatana ta san gidan da aka kwana da zazzaɓi.

Sana'ar ba ta mutu ba. Damuwar da ta taso kan sharar roba daga 2017, sai kullen korona a 2020, sun dawo da dubban gidaje ga kwalbar gilashi da ake wankewa a sake cikawa sau da dama, wasu kamfanonin har suka dakatar da karɓar sababbin masu ciniki don sun yi musu yawa. Motar lantarki ta dawo layin da asuba. Sai dai yanzu a waya ake yin oda kafin a kwanta, a kati ake cire kuɗi, ba takarda a bakin kwalba, ba mai zuwa da littafi ranar Juma'a. Mutum zai iya shekara biyar ana ajiye masa madara bai taɓa ganin fuskar mai ajiyewar ba.